Tiyon Baffa da Bakin Famfonmu

Ni ne ɗan farin Baffa, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana da magana da ni sai ya kalli bango ya ce, "A gaya wa wannan yaron kaza," ko da kuwa daga ni sai shi a ɗakin. Ni kuma in amsa, in tashi in yi. Haka gidanmu yake tun kakanninmu suna bin shanu a dajin Gwiwa. Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, ban taɓa ganinsa ba riga ba, ko hula bai cika cirewa a gabana ba. Mutanen gari kan tsokane mu su ce kunyarmu ta yi yawa, mu kuwa ita muka tashi muka tarar.

Shanun suka ƙare a hankali, Inna ta rasu, sannan wata bazara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na ɗauko shi daga ƙauye na kawo shi gidana a Kazaure. Na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, na sa aka kewaye masa ɗan banɗaki da bulo a jikin ɗakin, aka daɓe ƙasan da siminti. Sana'ata hatsi ce, ina bin kasuwanni, yau Babura gobe Roni, don haka maiɗakina ce a gida. Takan kai masa abinci ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ajiye ta juyo.

Cin abinci bai gagare shi ba, ya koyi ci da hagu yana istigfari. Wanka da tsarki su ne suka gagara. Ba ya iya ɗaga bokiti. In ya ɗebi ruwa da moɗa ya zuba, kafin ya ajiye ya ɗauki sabulu ruwan ya tsiyaye, in kuma ya sunkuya zai ƙara ɗiba sai jikin ya rinjaye shi. Buta ma hannu biyu take so, ɗaya ya zuba ɗaya ya wanke. Mutumin da a da ko ƙurar hanya ba ya yarda ta kwana a ƙafarsa, sai ga shi ɗakinsa ya fara wari. Ya sani, mu ma mun sani, ba wanda ya ce uffan. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, da kun bari na taimaka muku." Ya kalli bango ya ce, "A gaya wa wannan yaron, ranar da ya ga tsiraicina, ranar na gama zaman duniya." Bai ɗaga murya ba, kuma ban sake tayar da maganar ba.

Da Sallah ta matso autanmu ya zo daga Ikko, inda yake sayar da kayan gwanjo. Shi tsakaninsa da Baffa babu wannan katangar. Baffa yana kiran sunansa, yana zolayarsa, har ya yarda ya cuɗa masa baya. Ina tsakar gida ina jin dariyarsu daga banɗaki, ina jin daɗi ina kuma jin kishi, duka biyun a lokaci guda. A kwanakin nan Baffa ya yi fes, ya sa farar riga, ya zauna a zaure ana gaisawa.

Autan ya zo da tsaraba, wani koren tiyo mai kauri, dogo, da ya tsinta cikin kayan da ake saukewa daga ƙasashen waje. Bakinsa ɗaya yana da zoben tagulla da ake murɗawa a famfo. Ɗaya bakin yana da wani kai kamar 'yar bindiga, in ka matsa ruwa ya fito, in ka saki ya tsaya. Da na gan shi sai murna ta kama ni. Famfonmu yana can ƙarshen tsakar gida kusa da madafa, kuma tiyon zai kai har banɗakin Baffa. A rataye kan a ƙusa daidai kafaɗarsa, ya zauna a kujera, ya matsa da hagunsa, ya wanke duk inda yake so ba tare da kowa ya shiga ba. Baffa ya karɓi kan, ya matsa ya saki, ya matsa ya saki, ya sa wa autan albarka.

Muka je gindin famfo. A bakin famfon akwai waɗannan zagayayyun haƙora da masu gyara ke kira tiredi, a cikin zoben tiyon ma akwai nasu. A ido faɗinsu ɗaya. Autan ya ɗora ya murɗa, zoben ya kama, ya ɗan zagaya, sai ya cije. Ya kwance ya sake, ya cije a wuri guda.

"Tsatsa ce, Yaya," in ji shi. "Famfon nan naku tun na zamanin da ne."

Ya aro sufana ya kama zoben ya danna da dukan ƙarfinsa. Ƙanena mutum ne da ya yi imani babu abin da ƙarfi ba ya gyarawa, tun yana yaro haka yake buɗe ƙofa da kafaɗa. Na ce ya bi a hankali, ya ce ai shi sana'arsa ke nan. Zoben ya ƙara shiga kaɗan a karkace. Muka buɗe ruwa, ya yi tsartuwa ta ko'ina ya jiƙa mu har wuya. Da muka kwance, haƙoran famfon sun kwanta sun yi sulɓi. Washegari ya hau mota ya koma Ikko, yana ce mini daga taga, "Canza famfo kawai, Yaya, zai zauna!"

Na canza famfo. Bai zauna ba. Sabo fil, yana ƙyalli, zoben ya ɗan zagaya ya cije daidai yadda ya yi wa tsohon.

Daga nan na shiga yawon neman abin da zai haɗa su. Na karyi tsinken tsintsiya daidai faɗin bakin famfon na sa a aljihu. Na je wani shagon kayan famfo a cikin Kazaure na nuna tsinken na ce ina son mahaɗi. Mai shagon ya tambaye ni, "Famfon naka nawa ne?" Na ce wanda ya ɗaura mini ya ce rabin inci ne. Ya miƙo mini na rabin inci. Na kai gida, ko kama bakin bai yi ba, ya yi ƙanƙanta. Ashe famfon da ake kira rabin inci, gindinsa da ke shiga bututun bango shi ne rabin inci, bakin da ruwa ke fita kuwa na gaba da shi ne, wanda suke kira tiri-kwata. Kuma ko shi rabin incin in ka auna ba rabin inci ba ne, ya fi haka, wai sunan na ramin cikin bututun ne. Ni da na ƙare rayuwata a kan mudu na san mudun wata kasuwa ba ya cika na wata ko da sunansu ɗaya, amma aƙalla mu in ka tambaya za mu gaya maka.

A Babura na tarar da wani mutumin Nijar da ya baza kayan ƙarfe a kan buhu. Shi ba ya ma lissafi da inci, wasu lambobi yake kira da Faransanci, yana faɗin kuɗi da sefa. Ya gwada tsinkena a kan wani mahaɗi ya rantse shi ne. Ya yi gaskiya rabi, don gefe ɗaya ya shiga famfona lafiya lau. Ɗaya gefen, da zoben tiyon zai hau, ya cije. A Roni ma haka. Na tara ƙarafa a gwangwanin madara, kowanne yana son famfon, babu mai son tiyon. Duk wanda na tambaya sai ya ce in naɗa farin tef, in ƙara ƙarfi. Na naɗa tef har zoben ya daina kamawa gaba ɗaya.

Sai na koma ga dabarar da kowa ke yi a garinmu. Na yanko robar cikin tayar babur, na murɗa zoben iya inda ya tsaya, na naɗe shi da robar tamau har yatsuna suka yi jini. Yana ɗiga, amma ruwa yana kaiwa banɗaki. Na rataye kan a ƙusa, na ajiye kujera, na fito na tsaya a zaure na ce, "Baffa, an haɗa." Ranar ya yi wanka shi kaɗai. Ya daɗe a ciki, ina jin ƙarar ruwa a kan siminti, maiɗakina tana madafa tana share hawaye da gefen zane. Da ya fito ya ce wa bango, "Allah Ya yi wa wannan yaron albarka."

Abin da ban sani ba shi ne, ruwan famfonmu ba kullum yake zuwa da ƙarfi ɗaya ba. A kwanakin farko a sanyaye yake zuwa, robar ta iya da shi. In kuwa ya zo da ƙarfi, kuma aka saki 'yar bindigar, ruwan ba shi da mafita sai ya koma ya tunkuɗi mahaɗin.

Wata safiya ina ɗaure buhuna a ƙofar gida sai na ji wani fas daga ciki, sannan maiɗakina ta ƙwala mini kira. Zoben ya fincike, ruwa yana feshi har kan rufin madafa. Na rufe famfon. Sai muka ji wani abu ya faɗi a banɗakin Baffa, faɗuwa mai nauyi, da ƙarar kujera. Daga baya na gane abin da ya faru. Cikinsa ne ya ɓaci da asuba, ya ɓata jikinsa, ya lallaɓa ya shiga ya shafa sabulu, sai ruwa ya ɗauke. Ya miƙa hannu zai jawo tiyon ya ga ko lanƙwashewa ya yi, santsin sabulu ya kwashe shi.

Na tsaya a bakin labulen buhun da ke ƙofar banɗakin. Ina jin numfashinsa.

"Baffa?"

"Kada a shigo."

"Baffa, kun ji ciwo?"

"Na ce kada a shigo."

Maiɗakina suruka ce, ita ko kusa ba za ta je ba. Maƙwabtanmu maza duk sun fita, gidajen sai mata. Na tsaya ina sauraro yana ƙoƙarin tashi, ya ja jiki ya zame, ya ja ya zame, kansa yana bugun bulo. Ban san iya lokacin da na tsaya ba. Raina ya ɓaci da autanmu, da mai shago, da wanda ya ƙera wannan tiyo a can ƙasarsu, har da shi Baffan da taurin kansa, na ji kamar in rushe katangar da hannuna. Sai na shiga ɗakinsa na ɗauko rawaninsa da ke rataye, na naɗe fuskata da shi na ɗaure ta baya, har ba na ganin ko hasken rana.

"Baffa, na rufe idona da rawaninku. Ba na ganin komai. Zan shigo."

Na shiga da lalube, na same shi kwance a kan ɓarin da ya mutu. Ban san ya rame haka ba sai da na ɗaga shi, riga ce take ɓoye shi. Maiɗakina ta turo bokiti daga waje ta koma. Na zaunar da shi, na wanke shi tun daga kai har ƙafa, har inda ban taɓa zaton hannuna zai kai ba. Na lulluɓe shi da zane na kai shi shimfiɗa, sannan na fita na kwance rawanin. Ina bakin ƙofa na ji ya ce, a hankali, "A gaya wa wannan yaron hannunsa ma yana gani."

Ranar ban je kasuwa ba. Na naɗe tiyon gaba ɗayansa, na ɗauki tsohon famfon da gwangwanin ƙarafa, na hau acaɓa na koma shagon farko. Na zube su a gaban mai shagon ba ko sallama. Ya dube ni, ya ga yanayina. Ya ɗauko sabon famfo ya gwada zoben, ya cije. Sai ya kwance 'yar bindigar daga ɗaya bakin tiyon, inda haƙoran suke a waje, ya jera su da haƙoran famfon, haƙori a kan haƙori, ya ɗaga su wajen haske.

"Duba nan, Malam."

Na duba. Na farko ya zauna a cikin ɗan'uwansa, na biyu ya ɗan goce, daga nan sai haske yake ratsawa tsakaninsu. Na famfon sun fi matsuwa, na tiyon sun fi tazara.

"Wannan tiyon na Amurka ne," in ji shi. "Faɗinsu kusan ɗaya da namu, shi ya sa yake yaudarar mutane. Amma namu haƙori sha huɗu ne a inci, nasu bai kai sha biyu ba. Duk abin da ke shagon nan, da na Babura, da na Nijar, iri ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Wannan kuwa ko Kano ka je da wuya ka sami abokinsa."

"To me ya hana ka gaya mini tun ranar farko?"

"Ranar farko tsinke ka kawo mini, Malam. Tsinke faɗi yake aunawa."

Zagi ya zo mini baki, amma ban san wa zan zaga ba. Ya ɗauki wuƙa ya yanke zoben tagullar nan mai kyau da na yi ta lallaɓawa, ya jefa a kwali. Ya tsoma bakin tiyon a ruwan zafin mai shayin da ke gefensa, ya cusa wani ɗan mahaɗi mai wutsiya, ya ɗaure da zoben ƙarfe mai ƙusa, ya sa baƙar roba a ciki. Aikin bai kai a sha kofin shayi ba. Ya ce in murɗa da hannu kawai, in ya nemi sufana to ba nasa ba ne.

A gida na ɗora shi a bakin famfo. Ya shiga sumul, yana zagayawa yana zagayawa har ya zauna a kan robar. Na buɗe ruwa iya ƙarfinsa, na saki 'yar bindigar na jira. Ko danshi babu. Na zauna a ƙasa a wurin ina kallonsa, takaici ya cika mini ciki.

Na je bakin ƙofa na ce, "Baffa, an gyara tiyon. Wannan karon ba zai cire ba."

Ya juya fuskarsa ga bango. Can ya ce, "Ya zauna?"

"Ya zauna, Baffa."

"Madalla."

Bai taɓa shi ba. Faɗuwar ta taɓa ƙugunsa, ba ya iya zama a kujera sai an riƙe shi. Daga ranar kuma ya fara mayar da kwano. Maiɗakina ta dama masa fura da nono mai kyau, irin wadda yake so, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Ta yi kunu, ta yi ɗanwake, ta yi tuwo mai laushi da miyar kuka, duk suka dawo. Ruwa ma sai ya jiƙa leɓe kawai. Da fari mun ɗauka ciwo ne ya ɗauke masa sha'awar abinci. Ita ce ta fara ganewa, ta ce mini, "Maigida, ba ƙoshi ba ne. Ba ya so ya ci ne don kada ya buƙaci banɗaki."

Na durƙusa a ƙofarsa na roƙe shi. Na ce Allah bai ɗora wa mara lafiya abin da ya ɗora wa kansa ba. Na kawo liman ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi, ya ce ai yana ci. Na kira autan a waya na ce ya zo, ya ce kaya sun iso masa, sai ya sallame su. Na nemo wani dattijo ɗan'uwanmu daga Gwiwa ya zo ya kwana biyu yana kula da shi, a kwanakin Baffa ya ɗan ci, amma damina ta faɗi, dattijon ya koma gonarsa. Duk lokacin da ya zama dole, sai in ɗauko rawanin in naɗe fuskata, in jawo tiyon har bakin shimfiɗa, in wanke shi a cikin baho. Ruwan yana zuwa daidai yadda ake so. Kowane wanki sai na ji ya fi na baya rashin nauyi.

Ya rasu wata Laraba da hantsi, ana yayyafi. Autan yana hanya, ba za a jira shi ba. Liman ya zo da dattijon nan na Gwiwa da wani maƙwabci, suka shiga ɗakin da ganyen magarya da likkafani. Suka ce ruwa, na jawo musu tiyon ta ƙarƙashin labule, suka cire 'yar bindigar don su riƙa tara ruwan a baho a hankali. Sai liman ya leƙo ya ce, "Kai ne babba, shigo ka zuba wa mahaifinka ruwa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ku yi. Ana buƙatar mutum a famfo."

Ya dube ni zai yi magana, dattijon ya taɓa hannunsa daga ciki, ya saki labulen.

Na je ƙarshen tsakar gida na tsuguna a gindin famfon, na ba ɗakin baya, hannuna a kan mahaɗin. A bushe yake ƙarƙashin tafina. In sun ce buɗe in buɗe, in sun ce ya isa in rufe. Ban waiwaya ba sai da na ji liman ya ce an suturta shi.